Sharar Ranar Alhamis

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta kawo mini wani shafi da ta rubuta da harshen kwamfuta wai shi JavaScript, don in zuba tatsuniyoyin mahaifiyata, marigayiya Inna. Ta ce cikin burauzar kwamfutata, wato manhajar buɗe shafukan intanet, yake aiki, can yake ajiya. Na ce to. Likita dai ya ce mantuwar nan da ke damuna gaba za ta yi, ba baya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shekara talatin ina aikin ajiyar takardu, kowace Alhamis nakan share tebur, in zubar da kwando. Yau na ga wurin da ake share tarkacen burauza, na ce ashe su ma suna da kwando. Na danna.

Na buɗe shafin. Fari fat. Tatsuniya ashirin da bakwai da na zuba, babu ko ɗaya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na kashe, na kunna, sau biyar. Har lallashinsa na yi, kamar jakin da ya ƙi tsallake rafi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na gwada tuno tatsuniyar makauniyar kunkuru da ka. Ga farko, ga ƙarshe, tsakiya babu. Na rufe kwamfutar. Auta ta kira, na ce lafiya lau.

Talata, 15 ga Afrilu

Ta zo, ta gane daga fuskata. Ta buɗe wata taga mai ƙananan rubutu a kwamfutar, ta duba har ƙasa.

"Baba, sun tafi. Laifina ne, ban yi musu wata ma'ajiya ba."

Na ce tsintsiya dai tawa ce.

Ta ƙara layi shida, maɓalli ya fito mai fitar da kwafi. Na ƙarshen ni ta sa na buga, yatsa ɗaya. Sai ta ce in fara da kunkuru. Na kai inda nake tsoro, na tsaya. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Sai ta tambayi kwaɗo hanyar rijiya." Da irin jan muryar Inna, wadda ba ta taɓa gani ba. Ashe daga bakina ta ɗauka tun tana ƙarama.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Huɗu sun dawo. Biyu rabinsu daga bakinta, ta waya. Tana gyara ni, marar kunya.

Teburin na da ƙura. Bari ya jira.