Ruwan da Ba a Hura Masa Wuta Ba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da na san ba za ki amsa ba. Ko da kina raye ma takarda sai an karanta miki, balle yanzu da ƙasar Ruma ta rufe ki. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Muna nan lafiya a Safana, ina koyarwa a firamaren da kika sani. Jikarki mai sunanki, wadda muke kira Ummi, ta iya surutu, hararar nan taki kuma ta ɗauko ta tsaf. Baba ya koma Batsari wurin Yaya Sani, bai ƙara taka gona ba. An ce katangar gidanmu ta gabas ta faɗi da damina, darbejiyarki kuwa tana nan tsaye, ba mai tsinkar ganyenta. Sannan ina da ciki, Inna. Har ya fara fitowa.

To ga maganar. In an ba da hutun makaranta zan je Wikki, cikin dajin Yankari, can ƙasar Bauchi. Kin tuna ranar da muka ji labarinsa a rediyo kina tankaɗe? Aka ce ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, rani da damina, masu ciwon gaɓɓai har wanka suke zuwa yi. Kika ajiye rariya kika yi dariya har da hawaye. Kika ce ke da kika ƙare rayuwarki kina dafa wa matan Ruma ruwan jego, ba wanda zai gaya miki ruwa na yin zafi ba itace, sai dai in aljanu ne ke hura wutar. Kika ce sai kin tsoma hannunki za ki yarda. Ba ki tsoma ba. Ni zan tsoma.

Ba yawon buɗe ido zai kai ni ba, Inna. Tun ranar da kika fita ba ki dawo da ƙafarki ba, ruwan zafi bai sake taɓa jikina ba.

Ke kin san yadda aka yi, amma bari in faɗa, don ban taɓa faɗa da bakina ba. Na zo gida haihuwar fari. Malam Bashir ya yi abin da ake so miji ya yi, ya sayi itacen wanka a kasuwa ya aiko da shi a bayan babur. Kika ɗaga ɗaya kika jinjina, kika taɓe baki. Kika ce wannan karan banza ne, hayaƙi kawai zai yi, 'yarki ba za ta yi wanka da ruwan da bai tafasa a kan marke ba. Kowa ya ce daji ba ya shiguwa. Baba ya hana ki, ni ma na roƙe ki. Da sassafe kika ɗauki gatari, kika biya wa aminiyarki Goggo Dije, kuka tafi bakin daji. Goggo ta dawo ba ɗankwali, ba takalmi. Ke sai ɗauko ki aka yi, da gammonki a gefe.

Ina jin haushinki, Inna. Allah Ya gafarta mini, amma ina ji. Me itacen kasuwa ya yi miki? Da na yi wanka da ruwa mai ƙaurin hayaƙi, mutuwa zan yi? Kika bar ni da ɗanyen jiki da jaririya a hannu saboda marke! Na san kwananki ne ya ƙare, na san masu bindigar nan su za su amsa tambaya gaban Allah. Duk na sani. Amma da zarar na ga tururi na tashi daga tukunya, gammon nan nake gani. Sauran kwanakin jegona da ruwan randa na ƙarasa su. Ko lokacin sanyi, haƙorana na kaɗawa, ruwan randa nake watsawa. Bayana bai sake zama daidai ba.

Mutane kuma ba su bar ni ba. A gidan suna, a gidan biki, ina shiga sai a rage murya. Na ji da kunnena wata na cewa wankana ne ya ci uwata. Na haɗiye, na yi ta haɗiyewa. Yanzu ga wata haihuwar tafe, kuma na rantse ba zan sake yin jego ina rawar sanyi kamar kazar da ruwa ya daka ba. Sai dai ban iya farawa da ruwan tukunya. Ina son ruwan da ba wanda ya sari itace dominsa, ba uwar da ta fita da gatari saboda shi.

Yaya Sani ya tayar da jijiyar wuya. Ya zo har Safana ya zauna a zaure, ya ce mace da ciki za ta keta jihohi don wanka, ko ruwa ya ƙare a Katsina ne. Ya ce daji ya ci mana uwa, ni kuma zan kai kaina wani dajin. Na durƙusa na gaishe shi yadda kika koya mini, na ba shi haƙuri, sannan na ce sai na je. Ai shi ya sa ma zan je. Tun muna yara muke shiga daji tsinkar kanya da magarya, yau an mayar mana da shi abin da ba a ambata sai da raɗa. Ina so in shiga daji da ƙafata, rana tsaka, in zauna ƙarƙashin itace ban waiwaya ba. Zaman gida ya tsare wa? Waɗanda aka bi har ɗaki aka ɗauka, wanka suka je?

Malam ya bari sai da Yaya ya tafi. Sai na ga ya fita ya dawo da labarin motar Kano. Kin raina itacensa, Inna, amma mutumin kirki ne.

Kada ki ce na yi gaggawa, na shirya. Sai rana ta fito hanya ta cika za mu bar Safana, mu bi ta Dutsin-Ma zuwa Kano, daga nan Bauchi. Za mu sauka gidan iyayen Malama Asabe, abokiyar aikina, washegari mu yini a bakin ruwan mu fito daga dajin kafin magariba. Na tambayi malamar asibiti, ta ce tunda ɗumi ne ba tafasa ba in shiga, amma kada in daɗe, in yi ta shan ruwa. An ce ranar aiki ba a cika taro ba, ita muka zaɓa. Na ɗinka doguwar riga mai kauri, da ita zan shiga, mai kallo ya yi ta kallo. Na ce zan yi dambu da ƙuli-ƙuli, Malama Asabe ta ce in ɗaure da kyau, birran wurin ba su da kunya, daga hannu suke fizga.

Kin san wa zai raka ni? Goggo Dije. Ita ma tun ranar ba ta sake ɗora tukunyar kowa ba, ko hanyar da zan bi ba ta yarda mu haɗu. Na je na same ta a Batsari, ta rame, gwiwoyinta sun kumbura. Na faɗa mata. Ta share ido. Can ta ce za ta tafi da muciya saboda birran, kuma in ruwan ya zama ƙarya ita za ta fara yi mini dariya a madadinki. Ƙwaryar wankanki tana wurinta ashe, ta ce da ita za mu.

Na san abin da za ki ce in kin taɓa shi. Za ki ce wannan ai ruwan wankan jariri ne. Ki ce. Zan tsoma hannuna yadda kike yi, in miƙa wa Goggo ƙwaryarki, in juya mata baya ta zuba mini. In na yi kuka, a cikin ruwa ne, ba mai ganewa.

In kuma Allah Ya sauke ni lafiya, Malam zai sayo itace a kasuwa, irin wanda kika taɓe wa baki. Goggo za ta hura, ya yi hayaƙinsa, ni kuma in yi wankana har arba'in. Ba wanda zai je daji, Inna. Wannan karon maganata za a bi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki. Sai mun zo.

'Yarki mai taurin kai irin naki,
Kulu