Akwatin Muryar Svetozar

Malama Ljubica, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan tambaya ba tare da an yi mini kallon tsohuwar da ta fara zarewa ba.

Mijina Svetozar ya rasu a watan Fabrairu. Shekara talatin yana waƙa a cocinmu na garin Zrenjanin, murya ce mai kauri, har gilashin kabad ɗina kan yi rawa. Da ciwon maƙogwaro ya kama shi, ya kwashe tsofaffin kaset-kaset ɗin waƙoƙinsa ya juya su, ya zubar da su tunda sun fara cin zare. Ya sayo wani ɗan baƙin akwati da yake kira DAC, ya ajiye tsakanin kwamfutarsa da lasifikoki. Bayan an yi masa aiki maganarsa ta ɗauke, in yana son ce mini wani abu sai ya dafa akwatin, ya saki waƙa. Ni dai daga nan na san muryarsa take fitowa.

Ranar arba'in, bayan mun kai dafaffiyar alkama kabari bisa al'adarmu, na raba kayansa yadda aka saba. Rigar sanyi ga maƙwabci, takalma ga coci, kwamfutar ga ƙanwarsa Desanka, jikokinta za su yi karatu da ita. Akwatin kuwa ko taɓa shi ban bari an yi ba.

Jiya na kasa haƙuri, na kunna. Fitila ta kama, shiru. 'Yata Gordana ta zo ta jona wayarta, sai ga wata mata tana ihun waƙar biki daga akwatin ubanta, ni da baƙin kaya a jikina. Na ce ita ce ta goge muryarsa, na kore ta, na faɗa mata maganar da uwa ba ta faɗa. Ita kuma tana kuka tana cewa dama babu komai a ciki. Ƙarya take ko? Yaya zan dawo da shi? Tsoro nake ji, don na fara manta yadda yake jan numfashi kafin ya ɗauki baiti.

Mai baƙin kaya, hawa na huɗu

'Yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri. Ba zarewa kika yi ba. Kin ga hannunsa a kan akwatin kullum, dole ki ɗauka can yake. Amma Gordana gaskiya ta faɗa, kuma ba ta goge komai ba.

Lokacin da mijinki ya juya kaset-kaset ɗin, kwamfuta ta riƙa auna muryarsa sama da sau dubu arba'in a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Lasifika ba ta san lamba ba. Aikin akwatin shi ne ya karɓi lambobin, ya mayar da su wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da muryar. Na'urar ƙara sauti ta ƙarfafa wutar, fatar lasifika ta girgiza, ki ji. Tafinta ne kawai, duk wanda aka jona masa shi zai fassara, ba ya riƙe ko kalma ɗaya.

Muryar Svetozar tana cikin kwamfutar da kika ba Desanka.

Ki kira ta yanzu, kafin ki ƙarasa wannan shafi. Ki ce a kashe kwamfutar, kada a ƙara sa mata komai. In ba a share ba, a kwafa wuri biyu. In an share, mai gyara yakan iya tono wani abu, amma duk ranar da jikokin suka yi aiki da ita, sabon abu yana hawa kan tsohon. Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa an riga an makara.

Gordana ta yi gaggawa da waƙar nan a gidan makoki, amma ke kika fi ta laifi. Ki ba ta haƙuri, ku tafi gidan Desanka tare. In aka tarar babu komai, Gordana ce ta rage miki wadda ta san yadda muryar take a gida, kuma ita ma ubanta ne. Allah ya sa ku same shi.

Ljubica