Duk Kibiya Teburin Baba Ta Nufa

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai idon Baba. Likita ya ce a yi masa aiki kafin yanar ta rufe idon, shi kuwa ya kafe, wai in ya kwanta wa zai sa hannu a fitar da abincin kaji? Kin san halinsa, ko buhu ɗaya ba ya barin sito sai da izininsa.

Shi ya sa na leƙa kamfanin su ƙawata. Yaya, na ga ikon Allah! Mai saye ya turo oda ta waya, kwamfuta ta duba sito, ta sanar da direba, ta mayar wa mai sayen amsa, ba wanda ya motsa daga kujerarsa. Na saki baki galala har sai da ƙawata ta zungure ni. Injiniyarsu ta ce kada mu yi gaggawar sayen manhaja, mu fara zana yadda aikinmu yake tafiya. Na zana a allo, ina jan kibiya daga kowane mataki zuwa na gaba. Wallahi duk kibiyar da na ja, teburin Baba ta nufa. Da na nuna masa, ya daɗe yana ƙanƙance ido a kan zanen. Ina tsoron kada ya makance a kan teburin nan.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki! An yi wa Baba aikin idon, an dace.

Mun sa manhajar a kwamfutar shago, amma da odar tsofaffin abokan cinikinmu kawai muka fara gwaji. Da na karanta wa Baba saƙon da na'urar take aika wa masu saye, ya ce ba ta da tarbiyya: ina aka taɓa ce wa mutum kayansa sun taso ba a tambaye shi iyali ba? Sai da muka koya mata gaisuwa sannan ya yarda ya je asibiti.

Ranar da aka cire masa bandeji ya ce a kai shi shago. Abin da ya fara gani tar shi ne motarmu tana fita, shaƙe da buhuna, ba sa hannunsa. Na ce a raina yau akwai faɗa. Sai kawai ya ɗaga wa direba hannu, ya ce in mayar da shi gida zai ɗan kishingiɗa. Yaya, tun da nake ban taɓa ganin Baba ya yi barcin rana ba. Yanzu haka ina jin minsharinsa, ni kuma hawaye nake yi.

A shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta