Hauyar Kaka Haggai

Zuru, 3 ga Nuwamba

Goggo Rachael,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya jikin Kaka? Ni ina lafiya a makaranta.

Na samu saƙonki cewa Kaka tana son in mayar da hauyar da ta ba ni ranar da na shigo aji ɗaya. A takardar makaranta fartanya suka rubuta, kowa sai ya zo da tashi don noman fili ranar Asabar. Goggo, an sace ta a ɗakin kwananmu. Amma ina da wata sabuwa, zan aiko.

Ɗiyarki,
Keziah

Dabai, 9 ga Nuwamba

Keziah,

Ina gaishe ki. Kaka na kwance, amma tana cin abinci.

Sabuwa ba ta da amfani gare ta. Ba a taɓa faɗa miki ba? Da wannan hauyar marigayi kakanki Haggai ya yi golmo, shekara bakwai yana noma gonar uban Kaka kafin a ba shi ita aure. Ta ce ke ce ta fari a gidanmu da ta shiga sakandare, shi ya sa ta ba ki. Yanzu so take ta gan ta kusa da gadonta.

Ranar Litinin zan zo in ga shugabar makaranta, a buɗe akwatin kowace yarinya.

Goggonki

Zuru, 11 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaishe ki da Kaka. Don Allah kada ki zo. Ba wanda ya sace. Ƙarya na yi.

Bakin hauyar ya cinye, ya zama ɗan ƙarami. Ranar farko wata Sandra ta ɗaga ta sama ta ce, "Ku zo ku ga cokalin Keziah! Da shi za ki ci tuwo ko noma?" Kowa ya yi dariya. Har a aji Cokali suke kirana. Ranar fita na kai ta maƙera bayan kasuwa, na roƙi wani tsoho, Baba Mode, ya karɓe ta ya ba ni sabuwa. Sau biyu ya tambaye ni ko gida sun sani. Na ce sun sani.

Jiya na koma. Na ce mishi tsohuwar hauyar nake so. Da na faɗa, ya ce, "Ɗiyata, ƙarfen ya riga ya zama wuƙa." Sai ya shiga ciki ya fito da ƙotar. Ya ce ya ga tsaga bakwai a jikinta, hannunshi ya ƙi sa ta a wuta.

Ga ta nan na naɗe a zanena na aiko. Ban san yadda zan kalli Kaka ba. In kin yarda, zan yi hutu a Zuru.

Ɗiyarki mai laifi,
Keziah

Dabai, 15 ga Nuwamba

Keziah,

Gaisuwa. Na karanta wa Kaka duka, ban tsallake komai ba.

Ta shafa ƙotar, ta ƙirga tsagar da yatsa. Ta ce ƙarfen sau huɗu Haggai ya canza, ƙotar ce hannunshi ya riƙe. Ba ta ce komai a kan hauyar ba. Ƙaryar ce ta ce sai kin faɗa mata da bakinki.

Ba hutu a Zuru. Ki zo da sabon ƙarfen, za a sa a ƙotar.

Goggonki Rachael