Bappa Ya Ce A Karanta Masa Furojet Ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗaliba ce, ajin ƙarshe, ina karantar kiwon lafiya a nan Yola. Bappa, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe ni tun da muka gudo daga Madagali muka zauna a sansanin gudun hijira na Malkohi, Baba bai samu fitowa ba. Bappa bai yi boko ba, amma duk takardar da na kawo gida sai an karanta masa, ya adana a jakarsa.

Malamata ce ta zaɓar min batun furojet, tarihin yadda likitocin Turai na farko suka fara binciken sha'awa da saduwa. Na roƙe ta ta canza, ta ce in mu ma mun ji kunya wa zai yi wa mata bayani a asibiti. Wallahi da na shiga aikin sai na ji ina sonsa. Mutane ne suke rubuto wa likita wasiƙa ba suna, kamar yadda nake muku yanzu, shi kuma yana tarawa yana nazari, ana ce masa ɗan iska, wasu likitocin har littattafansu aka ƙona. Ba batsa a cikin furojet ɗin, amma akwai kalmomin saduwa, akwai zane.

Da Bappa ya tambaya, na ce kan lafiyar iyali ne. Ya ce in sa sunansa a shafin farko, na sa, har na miƙa wa makaranta. Yanzu ya ce ranar Juma'a in kawo kwafi, amininsa tsohon hedimasta zai fassara musu a majalisarsu ta ƙofar gida a Jimeta. Har liman ya gayyata. Na ce Turancin da wuya, ya yi dariya ya ce hedimasta ne ya koyar da malamaina. Na ce kwafin bai fito ba, ya ce zai hau Napep ya je makarantar da kansa.

Ƙawata ta ce in buga na bogi in kai. Mutumin da ya goya ni a daji zan yaudara a gaban abokansa? In faɗa masa gaskiya kuma, da wane baki? Ko kalmar aure ban taɓa furtawa a gabansa ba.

Yau Laraba. Ɗazu ya miƙo min babbar rigarsa ta Sallah, ya ce in goge masa saboda Juma'ar. Ya zan yi?