A Bar Mahaifiyata Ta Yi Aikinta Bayan Azahar

Zuwa ga Maigirma Shugaban Malaman Gona na shiyyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a makarantar 'yammata ta jeka-ka-dawo, gidanmu yana wani ƙauye a gefen Bunkure. Na zo ofishinka don in faɗi wannan magana da bakina, na tsaya a bakin ƙofa, kunya ta hana ni shiga, na juya. Shi ya sa na rubuta, na kuma aika wa jarida, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba.

Maganar mahaifiyata ce. Ba zan iya rubuta sunanta ba, amma ka san ta, ita kaɗai ce mace a cikin malaman gonarka. Aikinta shiga gidaje ne, tana koya wa matan da ba sa fita yadda za su shanya tumatir ba ƙasa a jikinsa, da yadda za su adana iri kada ƙwari su cinye. Ta haifi ƙanena Nasiru, ta gama hutun haihuwa, ta koma aiki. A da kakarmu ce take riƙe yara, to Allah ya yi mata rasuwa da damina. 'Yammatan da ake ɗauka raino kuwa duk sun tafi tsinkar tumatir. Babanmu yana gona tun asuba, ranar da aka sako musu ruwan noman rani ma ba ma ganinsa sai magariba.

Saboda haka ta roƙa a sauya mata lokaci, ta riƙa farawa bayan azahar idan na taso daga makaranta, ta cike ragowar ranar Asabar. Amsar da aka ba ta ita ce, "Aikin gwamnati ba shi da rabi. Ko ki zo da safe kamar kowa, ko ki ba wani wuri." Aka ƙara da cewa ofis ba wurin raino ba ne.

Ga abubuwa uku da nake so ka duba. Na farko, tun daga ranar ni ce nake goyon Nasiru. Ba ita ta ce in zauna ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira, balle ta buɗe baki ta roƙe ni. Na ga dai ta yafa mayafi ta tsaya tana kallon yaron a kan tabarma, sai na cire kayan makaranta na ɗauke shi. Kullum da hantsi ina takawa da shi har bayan ofishinku, ta fito ta ba shi nono a gindin darbejiya, tana waige-waige kamar mai laifi. Jarrabawar fita ta matso. Malamarmu ta lissafi ta aiko ƙawata ta ce mini, "In aure kika yi ki faɗa mana, mu zo mu ci alkaki." Na yi dariya a gabanta, da ta tafi na yi kuka. Shugabar makaranta kuma ta ce idan wannan zango ya ƙare ban dawo ba, za a cire sunana.

Na biyu, safiya ba lokacin wannan aiki ba ne. Da rani matan gidaje suna kan murhu tun sassafe, suna dafa abincin da za a kai wa 'yan ƙwadago a gona. Na taɓa raka Umma gidan wata maƙwabciyarmu, Gwaggo Tabawa, da safe. Ko tabarma ba ta samu ta shimfiɗa mana ba, ta ce, "Malama, yanzu kam har kunnena yana cikin tukunya. Ki dawo in an yi la'asar." Haka ake ce mata a kowane gida. Tun kafin ta haihu da yamma take komawa ta yi musu darasin, ba wanda ya sa ta. Lokacin da take roƙo shi ne lokacin da matan suke sauraronta.

Na uku, na san ba mugunta ta sa ka ƙi ba. Muna ji a rediyo yadda aka tsananta a kan zuwa aiki da wuri, har manya ana sa su tsallen kwaɗo saboda latti, ga kuma rage ma'aikata da ake yi. Amma Umma ba izinin latti take nema ba. Lokaci take nema a yanka mata a rubuce, in ta saɓa a hukunta ta.

Jiya na ji tana gaya wa Baba za ta ajiye aikin a ƙarshen wata don in koma aji. Idan ta ajiye, babu namiji a cikin malamanka da zai shiga waɗannan gidaje. Ni kuma ban san da wace zuciya zan zauna a kan benci ina karatu ba, alhali na san abin da aka sayar aka saya mini wurin.

Don haka ina roƙonka, don Allah, ka amince ta fara aiki bayan azahar har zuwa yaye. Idan doka ba ta ba ka wannan iko ba, ka kai maganar wurin wanda ke da shi kafin wata ya ƙare. Idan kana shakka, a gwada na wannan rani kaɗai, sannan a tambayi mazan gidajen abin da matansu suka ce.

Ni dai na riga na yanke shawara. Ranar Litinin zan sa kayan makaranta in goya Nasiru in tafi aji. In an kore mu saboda kukansa, zan tsaya a bakin taga in saurari darasi. Ba zan bar makaranta ba, kuma ba zan bari Umma ta bar aikinta saboda ni ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da aiki lafiya. Ka yi mini afuwa idan na yi rashin ladabi.

Wassalam.

'Yarka,
Sa'adatu