Inna, Kawu Sale Yana Neman Ƙodata

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Ladi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahama, na zo miki da labarin ƙaninki, Kawu Sale.

Kin san tun da ya yi kuɗi a Kano ya daina taka ƙauyenmu Kunci. Ranar da kika kwanta a asibiti ana neman wanda zai ba ki jini, direbansa ya aiko da lemo. Abin da ya ce a faɗa mana har yau yana kunnena: wai shi jininsa ba irin na mutanen ƙauye ba ne.

To, Inna, aikin da nake yi yanzu a jami'a a kan jini ne. Muna kwatanta ƙwayoyin gado na garkuwar jiki a dabbobi masu shayarwa: jemage, ɓera, akuya, biri, mutum. Kowanne cututtukan da kakanninsa suka sha ne suka gyara masa nasa. Wasu da ke jikinmu ma sun girmi ɗan'adam, birai na ɗauke da irinsu. Duk ran da na duba su sai na tuna Kawu da babbar rigarsa, in yi dariya ni kaɗai.

Waɗannan ƙwayoyin ne ke sa jiki ya karɓi ƙodar wani ko ya ƙi ta. Ƙodar Kawu ta lalace, kuma likitoci sun ce a fara nema cikin dangi. Sai ga shi a tsakar gidanmu, a kan tabarmar da kike sussukar gero kusa da ita, yana ce min 'yata. Sunana ma sai da matarsa ta raɗa masa.

Na je an gwada ni, don ke kika rene ni. Tawa ta dace. Da na tambayi sakamakon 'ya'yansa maza uku, sai ya sunkuyar da kai. Ba a gwada ko ɗaya ba. Wai suna da karatu a gabansu.

Na ce masa ya kai su tukuna, sannan mu yi magana. Na san da kina nan za ki ce in yi haƙuri. Ki yafe min, Inna, wannan karon ban iya ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya ba shi lafiya, ni kuma Ya sanyaya min zuciya, don har yanzu ba ta huce ba.

Taki har kullum,
Talatu